Wutar babbake saman nama: a buɗe ta duka ko a rage?

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba aiki da bututun wuta na gas wajen babbake saman nama. Nawa Bernzomatic TS8000 ne, na ɗaura masa kan nan mai raga da ake kira Searzall. Naman sa nake dafawa cikin leda a ruwa mai zafin digiri 55 a ma'aunin Celsius, yanki mai kaurin yatsu biyu, sannan in fito da shi in bi shi da wuta don samansa ya yi ja.

Ga abin da ke damuna. In na murɗa makunnin na rage wuta don gudun ƙonewa, sai naman ya yi ta tsattsafo da ruwa, samansa ya yi toka-toka, in na yanka kuma in tarar dahuwa ta ci ciki, jan tsakiyar nan da na sha wahala a kansa ya ragu. In na buɗe ta duka, gefen kitsen ya kama da wuta ya yi baƙi, a ji ɗaci-ɗaci a baki. Don Allah ina ya kamata makunnin ya tsaya? A rabi ne?

Baba Mai Walda:

Wa alaikumus salam. 'Yata, bar makunnin nan a buɗe har ƙarshe. Muddin kan ragar yana ɗaure, ba da makunni ake rage zafi ba, da hannu ake yi.

Aikin ragar shi ne ta tare harshen wutar, ita ta yi jajir, sai zafinta ya sauka a kan naman a baje. Wutar gas ɗin furofen, irin wanda ake sa wa bututun nan, tana kusan digiri 1,900 a tsininta, amma kafin ta ratsa raga biyu ta watsu, ƙarfinta ya ragu sosai. To in kika sake rage ta daga makunni, ragar ba za ta yi ja yadda ya kamata ba, sai ki daɗe a kan naman, daɗewar nan kuwa ita ke tura dahuwa ciki. Ki kunna, ki jira ragar ta yi ja gaba ɗaya, sannan ki kusanto da ita. Ni ina riƙewa kamar inci ɗaya daga naman, ina ɗan zagayawa a hankali, in wuri ya yi launin da nake so in matsa gaba. Da na zo gefen kitse sai in ɗaga hannu in ƙara sauri, don kitse da ya narke kamawa yake yi, hayaƙinsa shi ne ɗacin da kike ji.

Ki duba wani abu kuma. Tsakanin bakin bututun da kan ragar akwai 'yar tazara da ake bari, kamar milimita 3, har ɗan tsinken aunawa suke sakowa a kwalin. Mutane da yawa ba sa kula da ita. In tazarar ta ɓaci, wutar ba ta ci daidai, sai ki ga tana lasowa ta gefe, makunni kuwa ba zai gyara wannan ba.

Toka-tokar da kike gani kuwa ruwa ne. Naman da ya fito daga leda jiƙe yake sharkaf. Ruwa ba ya wuce digiri 100, jan da kike nema kuma sai saman ya kai wajen digiri 140 yake fara fitowa da sauri. Duk wutar da kika zuba wa jiƙaƙƙen nama, busar da shi take yi tukuna. Ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya daina sheƙi, ki ɗora a kan ragar waya ya sha iska na 'yan mintoci, in da hali ma a firij. Za ki ga bambanci tun a yanki na farko.

Sadiq K.:

Maganar Baba gaskiya ce ga mai kan raga. Amma wanda yake da ɗan ƙaramin bututun gas ɗin butan, marar raga, kada ya ɗauki wannan shawarar kai tsaye. A nan launin wuta ake kallo. A kunna ta nesa da abinci, a daidaita iska har ta zama shuɗiya mai tsini tana huci, babu rawaya a bakinta. Rawayar wuta alama ce gas bai ƙone duka ba, ita ke shafa wa nama baƙin hayaƙi. Kuma kada a ɗora ɗan tsinin nan na cikin harshen wutar a jikin naman, ɗigo-ɗigon ƙuna zai yi.

Hajiya Mai Girki:

Ni dai ra'ayina dabam ne, Baba ka yi haƙuri. Yanki mai faɗi, kaskon ƙarfe mai kauri da ya yi zafi sosai ya fi kowace wuta ba shi ɓawo mai kyau, kuma cikin minti ɗaya an gama gefe. Bututun ina ajiye shi ne don gefuna da lungunan da kasko bai taɓa ba, kamar kusa da ƙashi. In mutum shida za ki ciyar da kan raga kaɗai, kafin ki gama yanki na ƙarshe na farko ya huce.

Ummu Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na goge naman na bar shi ya sha iska, na buɗe wutar duka kamar yadda ka ce. Ja ya fito har da 'yar ƙara yana cir-cir, da na yanka kuma layin dahuwar da ke ƙarƙashin ɓawon siriri ne ƙwarai. Hajiya, zan haɗa da kaskon ranar da baƙi suka yi yawa. Saura abu ɗaya: ina cikin yanki na uku sai wutar ta fara rauni, ga gwangwanin gas ɗin ya yi sanyi har da raɓa a jikinsa. Gas ne ya ƙare?

Baba Mai Walda:

Ba lallai ba ne. Gas ɗin ruwa ne a cikin gwangwani, yana zama iska ne kafin ya fito, wannan juyawar kuwa zafin gwangwanin take sha. In ya yi sanyi sai ƙarfin turowarsa ya ragu, musamman in ya kusa ƙarewa. Butan ya fi saurin yin haka, don shi a wajen digiri 0 yake daina tashi, furofen kuwa sai wajen digiri 42 ƙasa da sifili. Ki kashe, ki ajiye shi a tsaye ya dawo daidai da kansa, ko ki canza wani. Kada ki kuskura ki ɗumama shi da wuta ko ki jingina shi da murhu. Kuma 'yata, kan ragar nan yana daɗewa da zafi bayan an kashe, ga shi yana rinjayar gwangwanin. Ki yi amfani da gajeren gwangwani mai faɗin gindi, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa, ki buɗe taga kafin ki kunna.