Saukowa gangara da babur: a bar shi cikin giya ko a sa shi firi?

Malamin sakandare, Zuru:

Assalamu alaikum. Ni mutumin Argungu ne, kuma a can na koyi tuƙin babur, inda ƙasa take shimfiɗe har mutum zai yi tafiyar yini bai haɗu da tudun da zai sa shi tunanin giya ba. Bara aiki ya kawo ni ƙasar Zuru, wadda kowa ya san duwatsu da gangara ne suka kewaye ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ɗauki al'adar sa babur firi a duk gangarar da na samu, don in rage shan fetur. Makon jiya ina saukowa wata doguwar gangara da buhun masara a bayan Boxer ɗina, ƙafata tana kan birkin baya tun daga sama, sai na fara jin ƙauri, kuma ina ƙara takawa babur yana ƙara gudu. Allah ne ya kiyaye na samu yashi a gefen hanya na shiga. Wani abokin aikina ya ce laifina ne da ban bar inji ya riƙe ni ba, wani kuma ya rantse cewa yin haka yana cinye ringi, wato zoben fistin na cikin inji. Ina roƙon waɗanda suka san abin su warware mini.

Makaniken babura, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki. Abokin aikinka na farko shi ne ke da gaskiya, kuma ƙaurin da ka ji na lainin birki ne. Birkin irin babur ɗinka yana aiki ne a cikin kwanon ƙarfen da ke tsakiyar taya, wuri ne rufaffe da iska ba ta shigarsa sosai, saboda haka idan ka daɗe kana takawa zafi yana taruwa har lainin ya daina kamawa. Ga nauyinka, ga na buhu, duk ka ɗora su a kan abu ɗaya da bai kai tafin hannu biyu ba.

Abin da ake kira birkin inji ba wata dabara ce mai wuya ba. Idan ka saki totur alhali babur yana cikin giya kuma ba ka kama kuloci ba, tayar baya ce take komawa juya inji ta hanyar sarƙa, shi kuma inji yana ƙoƙarin zuƙar iska ta ƙofar da ka rufe, wannan turjiyar ita ce take rage maka gudu. Duk sa'ad da giya ta yi ƙasa, inji yana ƙara yawan juyawa, riƙon kuma yana ƙara ƙarfi, shi ya sa giya ta huɗu kusan ba ta riƙe komai amma ta biyu tana riƙewa sosai. Ƙa'idar da masu gidanmu suka koya mana ita ce, giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, kuma tun a saman gangara ake shigar da ita kafin gudu ya taru.

Maganar cinye ringi kuwa, a inji irin na Boxer famfon baƙin mai yana aiki muddin inji yana juyawa, ko ka ja totur ko ba ka ja ba. Abin da nake gani yana lalacewa a shagona shi ne haƙoran giya na mutanen da suke sauka a firi, sai tsoro ya kama su a tsakiyar gangara su buga giya da ƙarfi. Fetur ɗin da kake ganin kana adanawa ma bai taka kara ya karya ba, domin da totur a rufe ɗan kaɗan ne kafireta take bayarwa, ko a firi kake ko a cikin giya.

Tsohon ɗan acaba, Yauri:

Ƙanena, duk abin da maigida makanike ya faɗa haka yake, amma bari in ƙara abin da ya taɓa kayar da ni, domin ina ganin ya wuce shi da sauri. Birkin inji tayar baya kaɗai yake riƙewa. Wata damina na shigo kwana da gudu a kan jan ƙasa mai santsi, na sauko daga ta huɗu zuwa ta biyu a lokaci guda na saki kuloci gaba ɗaya, nan take tayar baya ta ƙage, bayan babur ya zagayo, na tsinci kaina a cikin gonar gero. Har yau tabon yana gwiwata.

Tun daga ranar nake rage giya ɗaya bayan ɗaya. Ina fara rage gudu da birki, in kama kuloci, in ɗan murɗa totur sau ɗaya inji ya tashi, in shigar da giya, sa'an nan in saki kuloci a hankali. Wannan ɗan murɗawar ita ce take sa juyawar inji ta dace da ta taya, kuma idan ka yi daidai fasinja ba zai ji fizga ba, kansa ba zai bugi ƙeyarka ba. Duk wannan kafin a shiga kwana ake gama shi. Kada kuma ka ji tsoron birkin gaba kamar yadda yawancinmu muka taso muna ji, domin idan ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, can ne ƙarfin tsayawa yake. Ka dinga matsa shi a hankali tare da na baya, kana kamawa kana saki don su samu su huce. Sai abu ɗaya da mutane suke mantawa: idan inji ne yake rage maka gudu fitilar birki ba ta kamawa, don haka in akwai mota a bayanka ka ɗan taɓa birki direba ya gani.

Mai tsohon Jincheng, Koko:

Ina da ja kaɗan. Nawa babur mai hayaƙi ne, irin wanda ake zuba wa man 2T daban, kuma an sha gaya mini kada in daɗe ina gangara da totur a rufe. Shin camfi ne?

Makaniken babura, Birnin Kebbi:

Ba camfi ba ne, Alhaji, kuma ina jin a nan abokin Malam na biyu ya samo maganarsa. Irin injinka ba ya ajiye baƙin mai a ƙarƙashin fistin. Man da yake shafa shi yana shigowa ne tare da fetur, kuma famfon da ke turo shi a haɗe yake da wayar totur. Idan ka rufe totur inji yana ta gudu, man da yake samu yana raguwa a daidai lokacin da yake buƙatarsa. Riƙonsa ma bai kai na Boxer ba. Kai sai ka fi dogara da birki biyu, kuma a doguwar gangara ka dinga kama kuloci kana ɗan jan totur lokaci zuwa lokaci.

Malamin sakandare, Zuru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na gwada a gangarar nan da giya ta biyu ba tare da kaya ba, kuma sau uku kawai na taɓa birki har na kai ƙasa, sai dai kukan injin ya ɗan tsorata ni da farko. Murɗa totur kafin sakin kuloci ne hannuna bai saba ba tukuna, sau biyu babur ya fizge ni. Gobe in sha Allahu zan kai shi a buɗe tayar baya a duba lainin, domin tun ranar nan yake yin ƙara idan na taka.