Taƙaitawa: zaƙulo uwa da 'ya'yanta daga tebur ɗaya

Na bi wata tattaunawa har ƙarshe kan yadda za a ajiye bayanai masu kama da bishiya (wani layi ƙarƙashin wani, kamar uwa da 'ya'yanta) a teburin rumbun bayanai guda, a kuma zaƙulo su da SQL, harshen neman bayanai. Ga abin da na tsinta.

1. Baki ya zo ɗaya kan tsari mai sauƙi: kowane layi ya riƙe lambar uwarsa a ginshiƙin parent_id, na tushe a bar shi NULL, wato babu komai. A sa wa parent_id indeks don nema ya yi sauri.

2. Don fito da zuriya gaba ɗaya, mafi yawa sun ce WITH RECURSIVE, umarnin SQL mai maimaita kansa. Kashi na farko ya ɗauko tushen, na biyu ya riƙa haɗa teburin da sakamakon baya, UNION ALL (mai haɗa sakamakon kashi biyun) a tsakani, har a daina samun sabon layi. Manhajojin rumbun bayanai PostgreSQL da SQLite suna da shi, MySQL daga 8.0. Oracle kuma yana da CONNECT BY mai yin irin wannan aikin.

3. Gargaɗin da aka fi nanatawa, kuma ni ma shi ya fi damuna: layi ya zama kakan kansa, 4 ƙarƙashin 9, 9 ƙarƙashin 4. Umarnin SQL ɗin sai ya yi ta zagaye. SQL Server na tsayawa a mataki 100, MySQL a 1000, PostgreSQL 14 ya kawo CYCLE don gano zagayen.

4. Inda aka rabu shi ne bishiya mai zurfi. Wasu na ajiye hanyar kowane layi, kamar 1/4/9, karatu ya yi sauri, amma matsar da reshe sai an gyara duk na ƙasa. Wasu sun fi son tebur na daban mai lissafa kowane kaka da jikansa, ko da zai kumbura.