Majalisar Lateran ta 1215: gyara aka yi ko ɗaure mutane?

Malam Bulus: Jama'a, barkanmu da yamma. Jiya wani ya ce mini Majalisar Lateran ta Huɗu ba abin da ta gadar wa Turai sai tsoro, ni kuwa ban yarda ba. Paparoma Innocent na Uku ya tara bishop sama da 400 a Roma cikin Nuwamba 1215, kuma kaso mai yawa na dokokin da suka kafa a kan limaman coci ne. An hana fada, wato limamin coci, buguwa da caca da farauta, an hana shi shiga gidan giya sai in tafiya ce ta tilasta, har tufafi ja ko kore an hana shi sawa. An tsawata a kan cinikin muƙami. Aka ce kowace babbar coci ta ajiye malamin da zai koyar da limamai da ɗalibai matalauta kyauta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran gida ne wannan.

Saratu: Malam, da girmamawa, rabi ka kawo. Doka ta 3 fa? Duk wanda aka yanke wa hukuncin bidi'a, a miƙa shi ga sarki, a ƙwace dukiyarsa. Sarkin da ya ƙi kakkaɓe su daga ƙasarsa a fitar da shi daga ikilisiya, in shekara ta cika bai sauko ba, Paparoma ya warware wa talakawansa rantsuwar biyayya. A zaman nan ne aka raba Raymond na Shida da Tuluz, ƙasar da yake mulka a kudancin Faransa, aka damƙa wa Simon de Montfort, jagoran yaƙin da aka yi wa mutanen garin Beziye kisan kiyashi a cikinsa a 1209.

Habu: Ni doka ta 68 ce ta tsaya mini a rai. Yahudawa da Musulmi da ke zaune a ƙasashen Kirista su sa suturar da za ta bambanta su da kowa. Wane gyaran limami ne a nan?

Malam Bulus: Malam Habu, wannan ba zan kare ta ba. Ta zubar da mutuncin bayin Allah, Yahudawan Turai kuma sun daɗe suna ɗanɗana kuɗarsu a kanta. Amma Saratu, kotun binciken bidi'a ba a 1215 aka kafa ta ba. Sai zamanin Paparoma Gregory na Tara, bayan 1230, izinin azabtarwa kuma sai 1252.

Baba Istifanus: 'Ya'yana, ku bari in sa baki. Akwai abin da ba ku ambata ba. Kafin majalisar nan, a Turai akan sa wanda ake tuhuma ya ɗauki ƙarfen da ya yi jawur, ko a ɗaure shi a jefa a ruwa, wai Allah zai bayyana mai gaskiya. Kusan shan gwaska da kakanninmu suka sani. Fada ne ke sa wa ƙarfen albarka. Doka ta 18 ta ce kada limami ya ƙara yi, abin kuwa sai ya rasa madogara. A Ingila cikin 1219 hukuma ta umarci alƙalai su bar shi, daga nan tara mutanen gari su yanke hukunci ya samu gindin zama. Ku ƙirga hannun talakawa nawa ne suka tsira daga ƙuna.

Saratu: Gaskiya ne, Baba, na karɓa. Sai dai a duba dokar da kyau. Ita ce kuma ta hana limami yanke hukuncin kisa ko rubuta shi. Shi ya sa doka ta 3 ke cewa a miƙa mutum ga sarki. Coci ta yanke cewa ɗan bidi'a ne, hannun wani ya zubar da jinin, rigar fada ta fita fes. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Yakubu: Yaya Saratu, to furta zunubi fa? Doka ta 21 ta wajabta wa kowane baligi, mace da namiji, ya je wurin fadansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji lokacin Ista. Na ji wasu na kiran sa leƙen asiri. Ni da nake zuwa, sauke nauyi nake samu. Fadan da ya tona abin da ya ji, dokar ta ce a tuɓe shi, a tsare shi a gidan sufaye yana tuba har ƙarshen ransa.

Saratu: Ban taɓa ibadarka ba, Yakubu, Allah ya karɓa. Tilascin nake magana. Wanda bai je ba a hana shi shiga coci yana raye, in ya mutu a hana shi jana'izar Kirista. A ƙauyen da kowa ya san kowa, rashin zuwan kansa ya isa a nuna ka da yatsa. Ga shi doka ta 3 ta ce bishop ya riƙa zagaya inda ake raɗe-raɗin bidi'a, ya rantsar da mutum uku ko fiye su faɗi sunayen maƙwabtansu.

Malam Bulus: Wannan haɗin na doka ta 3 da ta 18 ban taɓa lura da shi ba, kuma ya dame ni. Har yanzu ina kan cewa tarbiyyar limaman da gaske aka yi ta. Amma na janye kalmar gyaran gida, domin Yahudawa da talakawan Tuluz ba su aka tara a zauren ba. Zan sake karanta dokokin biyu a jere kafin Lahadi.