Musayar ƙyalle: rinin da aka aiko min yana zuba, yaya zan yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kan musayar wannan watan. Ƙa'idar dai ita ce kowa ta ɗinka 'yar tsana da ƙyallayen da abokiyar musayarta ta aiko kawai, ban da ƙari. Ni guntun farin leshi aka aiko min, da wani baƙin rini mai sheƙi, kyakkyawa ƙwarai. Amma ko taɓa shi na yi sai yatsuna su yi shuɗi, ga shi 'yar tsanar ta yarinya ce 'yar shekara 2, komai baki take kaiwa. Nauyi nake ji in ce a canza min, don da zuciya ɗaya aka ba ni. In wanke ne ko yaya?

Anti Balaraba: Wa alaikumus salam. Ki jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana, haka nake yi wa sabuwar atamfa.

Hajiya Yaya: Balaraba, gishiri ba ya kama rinin baba. 'Yata, yadda kika kwatanta shi, ina kyautata zaton turkuɗi ne irin na garin Kura a Kano. Shi bayan an rina, shuni ake ƙara masa a buge shi a mabuga har ya yi wannan sheƙin, don haka zubar tana cikin yinsa. Shi ne kike gani a fuskar Buzaye masu naɗa shi, kuma abu ne mai tsada, wadda ta ba ki ta girmama ki. In kin wanke zai rage zuba, amma sheƙin ya tafi ke nan. In rinin marina ne zalla irin na Ƙofar Mata, ki yi ta ɗauraye shi da ruwan sanyi shi kaɗai har ruwan ya fita fes, ki shanya a inuwa, sannan ki goga farin ƙyalle mai laima a kai. In bai kama ba, ki ɗinka.

Maman Hanif: Ni yarinyar ce damuwata. Kada ki sa maɓalli ko duwatsun ado a ido, za ta iya cirewa ta haɗiye. Ki yi idon da zare. Leshin kuma ki yi masa shafi da kalmasa, in ba haka ba zai tsefe, audugar ciki ta riƙa fitowa ta hudojinsa.

Maman Ilham: Hajiya, turkuɗin ne, yanzu na tambayi wadda ta aiko min. Wai daga lulluɓin kakarta ta yanko. Wallahi ba zan iya sa shi a ruwa ba.

Hajiya Yaya: To kada ki sa. Ki yi guda biyu: ta turkuɗin ta zama ta ado, a ajiye a kabad inda hannun yara ba ya kai, ki raba ta da leshin don kada ya ɓata shi. Ta yarinyar kuma a ba ki izinin ƙara atamfa wankakkiya.

Shugabar ƙungiya: An ba ki izini, Maman Ilham, an kuma ƙara miki mako guda. Daga musaya mai zuwa, duk mai aika ƙyalle ta faɗi irinsa da ko yana wankuwa.