Waɗanda muka yi karatun Turanci ta waya lokacin korona, ku zo mu tuna

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ina rage kayan wayata na ci karo da saƙonnin muryar da na riƙa tura wa malaminmu a 2020, muna aji biyu na NCE, wato karatun koyon aikin malanta, a sashen Turanci. Da na kunna ɗaya sai da idona ya ciko, don muryata rawa take yi. A watan Maris aka rufe makarantu, a Afrilu aka kulle Kano, ga azumi ya kama, karatun kuma duk ya koma WhatsApp da Zoom, manhajar taro ta bidiyo. Ba maki nake tambaya ba, ya zuciyarku ta kasance?

'Yar Ɗorayi: Wa'alaikumus salam Anti. Ni kunya ce ta fi cina. Ɗaki ɗaya muke kwana da ƙannena huɗu, da na fara gwajin furuci sai su kewaye ni suna kwaikwayona, musamman wajen P da F, kin san nan ne Bahaushe yake tuntuɓe. Sai na koma kicin bayan sahur, in zauna kusa da murhu, murya ƙasa-ƙasa. Saƙon minti ɗaya sai in goge shi sau goma. Amma a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, a kicin ɗin nan na fara jin kuskurena da kunnena kafin wani ya gaya mini.

Daga Kurna: Ni fargaba ce. Babanmu a Kantin Kwari yake, kasuwa a rufe, na cefane ma da ƙyar, da wane baki zan nemi kuɗin data? Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, kafin a sake haɗuwa rabin aji sun ɓace. Ranar da zan gabatar da darasin gwaji, tun dare babu wuta, shagon mai caji a kulle. Ina cikin gaisuwa wayar ta mutu. Na daɗe zaune a soro riƙe da takardar darasin da na kwana uku ina shiryawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kada malam ya ɗauka wasa na sa a gaba.

'Yar Gwale: Allah sarki Yaya. Mu a unguwarmu ƙarshen Afrilun nan rasuwar dattawa ake ta ji. Muna tsakiyar darasin nahawu na jiyo salati daga maƙwabta. Na kashe makirfo, har aka tashi ban fahimci komai ba, kuma babu wanda ya sani.

Daga Hotoro: Ni kaɗaici ne ya sa na fara koyon Faransanci a Duolingo, manhajar koyon harsuna. Ina ɗalibin Turanci, ga ni na kasa haɗa jimla ɗaya. A nan na ɗanɗani abin da yaro ɗan aji ɗaya yake ji idan an tsayar da shi a gaban allo. Yanzu a ajina ba na barin a yi wa kowa dariya.

Mai buɗe zance: Ɗan'uwa na Kurna, malam ya sake ba ka dama?

Daga Kurna: Ya ba ni, bayan ƙaramar salla. Wayar maƙwabcinmu na ara, na yi darasin a tsaye a ƙofar gida, don nan ne kawai sabis yake kamawa.