Fitsarin ƙanena ya koma kamar baƙin shayi, likita ya ce CD55 da CD59 ne babu

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin asibiti ku fitar da ni daga duhu. Ƙanena ne, shekararsa 26, tela ne. Tun bara yake tashi da asuba fitsarinsa kamar shayin da ba madara, zuwa la'asar sai ya washe. Ga kasala, ko keke ya hau ba ya iya gama riga ɗaya. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba shi na tsargiya, Inna ta jiƙa masa na shawara har ta gaji. Sau uku ana yi masa ƙarin jini, leda ɗaya ni na bayar. Sai da muka dangana da likitan jini a asibitin koyarwa aka tura jininsa wani gwaji, takarda ta fito an rubuta PNH, wai sunan ciwon ke nan. Likita ya ce wai CD55 da CD59 ne babu a ƙwayoyin jininsa. Kai kawai na gyaɗa, don layi ya yi tsawo a bayanmu. Mene ne su? Sannan abin da ya hana ni barci: gado ne? An sa ranar aurensa bayan Babbar Sallah.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A cikin jinin kowa akwai wasu furotin sama da 30, yawancinsu hanta ke yin su, ana kiran su kwamfiliment. Wani masani ɗan Beljiyam, Jules Bordet, shi ya gano aikinsu, har ya samu kyautar Nobel ta 1919. Idan ƙwayar cuta ta shigo, ɗaya ke tayar da ɗaya, har na ƙarshe, waɗanda ake kira C5 zuwa C9, su haɗu su huda ta ta fashe.

Sai dai fa ba su san na gida ba. Kamar karen gadi ne da ba ya barci, duk abin da ya gilma sai ya kai masa cizo. Shi ya sa aka yi wa ƙwayoyin jikinmu masu tsawata masa. CD55 yana wargaza abin tun yana haɗuwa, CD59 kuma yana hana hudar a matakin ƙarshe. Dukansu biyun a maƙale suke a bayan jar ƙwayar jini da wani ƙugiya. A PNH, ƙwayar halitta mai suna PIGA ce ta lalace a cikin ɓargo, ƙugiyar ba ta samuwa, sai jajayen ƙwayoyin su fito tsirara, garkuwar jikinsa da kanta ta riƙa fasa su a cikin jijiya. Abin da ya zube ne kike gani a fitsari. Fashewar dare da rana take yi, na asuba ya fi duhu ne saboda ya kwana yana taruwa.

Batun gado ki kwantar da hankalinki. Ba a haife shi da ita ba, daga baya ta faru a ɓargonsa kaɗai. 'Ya'yansa ba za su gada ba, matarsa ba za ta ɗauka ba. Akwai dai 'yan uwan ciwon da ake gada: matsalar fakta H, wani furotin mai tsawatawa, kan taɓa ƙoda, ƙarancin mai tsawata wa C1, ɗaya daga cikin furotin ɗin kwamfiliment, kuma kan kumbura fuska da maƙogwaro. Nasa ba ya cikinsu.

Ummu Hanan:
Allah sarki, Allah ya yaye masa. Amma kun tabbata ba sikila ba ce? Ɗan yayata ma haka idonsa ke yin ɗorawa.

Baba Mai Kemis:
Ummu Hanan, sikila daga iyaye ake gadonta, kuma gwajinta daban. Maman Sadiq, 'yata, bari in ƙara abin da Malam Ɗan Lab bai faɗa ba. Ni launin fitsarin bai dame ni kamar daskarewar jini a jijiya ba, ita ce ta fi kashe masu wannan ciwo. Idan ya yi ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon kai da bai saba ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Magani akwai. Eculizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2007, yana toshe C5, ana ɗura shi ta jijiya duk mako biyu. Ravulizumab ya biyo baya a 2018, shi duk mako takwas ne. Kuɗinsu kuwa, ba zan ɓoye miki ba, yana cikin mafi tsada a duniya, ni ban taɓa riƙe kwalbarsu a shagona ba. Dashen ɓargo ne ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya, shi ma da nasa haɗarin.

Ga inda ya shafe mu mu 'yan Arewa. Waccan hudar da maganin ke hanawa ita ce babban makamin jiki a kan ƙwayar sanƙarau. Duk wanda ya ga annobar 1996 ya san ba wasa ba ce. Don haka ake yi wa mara lafiya rigakafin sanƙarau aƙalla mako biyu kafin a fara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da allurar rigakafin Men5CV, mai karewa daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Ki tambayi likitansa wace ta dace da shi.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na karanta wa Inna misalin karen nan, ta ce yanzu ta gane, amma tulun jiƙonta yana nan ba ta zubar ba. Baba, gabana ya faɗi da ka ambaci ciwon ciki, don shekaranjiya ya yi ta murƙususu muka ce ko gyambon ciki ne. Ranar Litinin aka ba mu, amma ba zan jira ba, na kira mai adaidaita yanzu.