Masana'antu sun yi wa gandun daji zobe a taswirata, me ya jawo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina hasashen yadda amfani da ƙasa zai sauya nan da 2050 da manhajar CLUE-S, mai rarraba nau'o'in amfani da ƙasa a kan taswira. Iyakokin gandun dajin daga WDPA, rumbun bayanan yankunan da aka kare na duniya, na ɗauko su, na kulle cikinsu ƙam don kada manhajar ta sauya komai a ciki. Da sakamako ya fito, sai ga masana'antu sun jeru reras a bakin iyaka, cikin dajin kuwa kore shar. Lissafin ne ya karkace, ko haka abin yake?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Lafiyarsa lau, Malam. CLUE-S ba ya rage hektocin da ka ce masana'antu suna buƙata, rabo kawai yake yi. Ka hana shi wurin da ya fi so, sai ya faɗa na maƙwabtaka, tunda can ma akwai titi da ruwa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A zahiri ma haka ake gani, matsin da aka kora daga ciki yakan taru a gefe. Kada ka goge zoben nan don taswira ta yi kyau, shi ne labarin.

Amsa ta biyu: Ni kullewar ce ban gamsu da ita ba. Duba rukunin kariya da aka ba yankin bisa tsarin IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, yana nan cikin bayanan da ka sauko da su. Rukunin Ia tsantsar kariya ce, amma V da VI akwai mutane a ciki suna noma da kiwo. Taron IUCN na 2016 a Hawaii ya nemi a hana ayyukan masana'antu masu ɓarna a dukkan rukunan, don haka hana masana'anta shiga daidai ne, amma daskarar da gonaki a rukuni na V ba shi da madafa. Sannan abin da ke takarda daban, na ƙasa daban. Gwamnatoci suna rage iyaka, wani lokaci su soke kariyar ɗungurungum idan aka gano ma'adinai. Ka ƙara gwaji ɗaya wanda kariyar ta yi rauni.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, girman piksel ɗinka, wato kowane ɗigon taswirar, nawa ne? Idan na hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ne mai mita 30, kowane ɗaya bai kai kashi goma cikin ɗari na hekta ba. Masana'anta ba ta tsirowa ɗigo-ɗigo haka, rukuni guda ake yankawa. Ka ƙarfafa tasirin maƙwabtaka a manhajar, wato yadda piksel ke bin irin na kusa da shi. Bayan nan ka zuba taswirar a manhajar InVEST mai auna amfanin muhalli, ɓangaren ingancin mazaunin halittu, ka ga nisan da illar take kutsawa cikin dajin da kake zaton ya tsira.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To tazarar kariya a gefen iyaka fa, kilomita nawa zan sa?

Amsa ta farko: Babu lamba ɗaya da ta dace da ko'ina. Fara da abin da dokar ƙasar ta tanada, sannan ka gwada mai faɗi da mai ƙunci. In masana'antar a saman kogi take, bi magudanar ruwan, ba da'ira ba.